Kowace kasuwa da mudunta: yadda za ka sa farashi tsakanin kamfaninka na gida da na waje

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi a Gombe, yawancinsu masu maganin feshi da taki, sai kuma wasu masu hatsi da riɗi na Tudun Hatsi. A da in mutum ya zo ofishina da maganar haraji, ba ta wuce harajin kamfani da na albashin ma'aikata. 'Yan shekarun nan sai ga sabon abu. Yaran da aka tura karatu ko sari sun zauna a Dubai da Guwanzu, sun yi rajistar kamfani a can, kuma kamfanin mahaifinsu na nan gida a hannunsu yake sayen kaya. Tuwona maina. Ba laifi ba ne, babu dokar da ta hana. Amma daga ranar da ciniki ya fara shiga tsakanin kamfanoni biyu da hannu ɗaya ke juya su, mutum ya faɗa wani babi na dokar haraji da yawancinmu ba mu san da shi ba sai ranar da takarda ta iso.

Wani Alhaji ne, sa'an mahaifina, ya sa na zauna na karanci abin sosai. Ya zo bayan La'asar da lissafin shekara uku a jakar leda. Tireloli suna sauke maganin ciyawa a sitonsa tun kafin ruwan farko ya sauka, amma littafi yana nuna ribar da ba ta kai ta mai shago ɗaya ba. Da na bi inbois ɗin kayan sai na ga inda ribar take kwana. Masana'anta a ƙasar Sin tana sayar da kwantena a kan dala 40,000. Kamfanin ɗansa na Dubai ya saya, ya rubuto wa Gombe dala 52,000. Kaya ba sa ma biyawa ta Dubai, daga tashar jirgin ruwan Sin sai Legas. Na sauya alƙaluman don rufin asiri, amma tsarin haka yake.

"Ɗana," in ji shi, "kaya nawa, yaro nawa, kuɗi nawa. In na ga dama na saya a hannunsa da tsada, ina ruwan gwamnati?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwanta shi ne a nan aka yi wahalar sayar da kayan, a nan aka ba manoma bashi, a nan aka yi asarar wanda ya lalace. In ribar ta tsaya a nan, kashi 30 cikin ɗari na hukuma ne. In ta koma Dubai, kashi 9 ne, kuma ba Najeriya za ta karɓa ba."

Ya yi shiru, ya gyara zama. Abin da na gaya masa a ranar da makonnin da suka biyo baya shi nake son in shimfiɗa a nan, don na san akwai irinsa da yawa daga Gombe har Bauchi da Azare.

Ƙa'idar guda ɗaya ce a kusan duk duniya: ka yi ciniki da kamfanin ɗan uwanka kamar yadda za ka yi da baƙo, ba sani ba sabo. A fom ɗin hukuma haruffa biyu za ka gani, TP. Ni farashin 'yan gida ɗaya nake ce masa. Ƙungiyar OECD ta haɗin kan tattalin arziki, mai hedikwata a Faris, ita ta rubuta littafin da yawancin ƙasashe ke bi, wanda ya fito a 1995, aka yi ta gyara shi har zuwa bugun 2022. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da nata jagoran a 2013 saboda ƙasashe masu tasowa. Najeriya ta kafa ƙa'idojinta a 2012, ta sake su a 2018, kuma tana duba littattafan biyu. To in haka ne me ya rage? Abin da duk mai awo ya sani. Kowa ya yarda a auna da mudu, amma mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba. Kai kuma kayanka a kasuwa biyu za a auna su.

Fara da sanin wa ake kira ɗan gida

Mutane da yawa suna zaton in sunan masu hannun jari ya bambanta, shi ke nan sun tsira. A Najeriya ba haka ba ne. Ƙa'idojin 2018 ba su ɗaure abin da wani adadi na hannun jari ba. Tambayar ita ce, shin ɗaya yana da ikon juya ɗayan ko yi masa tasiri wajen shawarar kuɗi ko ciniki ko tafiyar da aiki, ko kuwa akwai wani na uku da ke juya su duka? Alhaji ba shi da ko sisi a kamfanin Dubai a takarda, amma shi ya ba da jarin, kuma shi kaɗai ne mai sayen kayansa. Wannan ya isa. Amurka ma haka take kallon abin a sashe na 482 na dokar harajinta, iko ko ta wace hanya ya zo. Indiya kuwa tana da layi a zane, kashi 26 na ƙuri'ar masu hannun jari, tare da wasu sharuɗɗa. Sin ta sa nata a kashi 25. Daular Larabawa ta sa kashi 50, amma ta haɗa da dangantakar jini da ta aure har hawa na huɗu, wato uba da ɗa sun shiga tun daga ƙofa.

Ka ɗauki takarda ka rubuta duk kamfanin da kake mu'amala da shi wanda akwai jini ko jari ko iko tsakaninku, ka auna kowanne da mudun ƙasashen biyu. Kar ka manta da na cikin gida. Dokar Najeriya ta shafi har ciniki tsakanin kamfaninka na Gombe da naka na Kano. Ingila tana ɗauke wa yawancin ƙananan kamfanoni wannan nauyi, amma mu nan ƙanƙantar kamfani ba ta fid da shi daga ƙa'idar.

Sai ka rubuta gaskiyar abin da kowa yake yi

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci. Kafin a zo maganar lamba, jami'in haraji a ko'ina abu uku yake tambaya: wa ke yin aikin, dukiyar wa ake amfani da ita, kuma in abu ya ɓaci wa ke ɗaukar asara? Na kira ɗan Alhaji a waya, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kamfaninsa ba shi da sito. Ma'aikata biyu ne, shi da wani. Aikinsa neman masana'anta, duba ingancin kaya, biyan kuɗi, da bin takardun jirgi. In dala ta tashi, Gombe ke ji a jikinta. In damina ta yi gardama kaya suka kwana, Gombe. In manomi ya ci bashi ya ƙi biya, Gombe. To wannan a harshen kasuwarmu dillali ne, kuma dillali la'ada yake ci, ba rabin riba ba. Dala 12,000 a kan kowace kwantena kashi 30 ke nan na kuɗin kaya. Babu ɗan kasuwar da zai ba baƙon dillali haka.

Yi lissafin da kanka. A ce kwantena 30 a shekara, kuma a ce dillalin da ba ɗan gida ba kashi 3 zai karɓa, dala 1,200. Hukuma za ta iya cewa dala 10,800 a kowace kwantena ƙari ne, ta mayar da dala 324,000 cikin ribar Gombe, ta nemi harajin dala 97,200 a shekara ɗaya kawai, ban da tara da kuɗin jinkiri. Shi kuma kamfanin Dubai ya riga ya biya nasa a can, don tun watan Yunin 2023 Daular Larabawa take karɓar kashi 9 a kan ribar da ta haura dirhami 375,000. Ga kuma kwastam, da aka riga aka biya su kuɗin fito a kan farashin nan mai tsada. Riba ɗaya, an ci ta ta fuska uku.

Maganar kwastam ɗin nan a kula da ita. Su sun fi son su ga farashin shigo da kaya ya yi sama, hukumar haraji ta fi son ta gan shi ƙasa. Ƙa'idojin 2018 sun faɗa a fili cewa amincewar wata hukuma da farashinka, irin ta kwastam, ba ta tilasta wa hukumar haraji ta amince. Don haka kar ka ɗauki takardar fito a matsayin garkuwa.

Hanyar awo, da faɗin mudu

Hanyoyi biyar ne sanannu. Mafi sauƙin fahimta ita ce ka nemo cinikin kaya iri ɗaya tsakanin baƙi biyu ka kwatanta farashi. Akwai ta duba ribar mai sari ya sayar, akwai ta ɗora riba a kan kuɗin da aka kashe, akwai ta kwatanta ribar ƙarshe da ta kamfanoni masu irin sana'ar, wadda ita aka fi amfani da ita, sai ta raba riba idan kowane ɓangare ya kawo abu mai daraja na musamman. Najeriya da Amurka da yawancin ƙasashe ba su ce lallai sai wannan ba, sun ce ka zaɓi wadda ta fi dacewa ka kuma kawo hujjar zaɓinka. Shawarata, fara dubawa cikin littafinka. In ka taɓa sayen maganin nan kai tsaye daga wata masana'anta, ko ta hannun wani dillali da ba naka ba, wannan inbois ɗin ya fi maka duk wani bincike mai tsada. Na Alhaji a cikin tsohon fayil muka same shi.

In ka zaɓi hanya, ka tsaya a kanta. Shari'ar farko da aka yanke a Najeriya kan wannan batu ta kamfanin Prime Plastichem ce, mai shigo da kayan roba daga wani kamfani ɗan gidansu da ke waje. Ya yi amfani da hanya ɗaya a lissafin 2013, ya sauya wata a 2014. A watan Fabrairun 2020 kotun ɗaukaka ƙarar haraji da ke Legas ta ba hukuma gaskiya a kan kusan naira biliyan 1.74. Abin da na ɗauka daga hukuncin shi ne nauyin kawo hujja a wuyan mai biyan haraji yake.

Yanzu ga inda mudu ya fi bambanta. In ka tara kamfanonin da za ka kwatanta kanka da su, za a jera su kamar buhuna, daga mai ƙaramar riba zuwa mai babba, a ɗauki layin kamar taki ɗari. Najeriya da Amurka suna yar da rubu'in farko da rubu'in ƙarshe, su karɓi duk wanda ya faɗa tsakanin taki na 25 da na 75. Indiya ta matse nata, daga 35 zuwa 65, in kamfanonin sun kai shida. Wato ribar da ta tsaya a taki na 30 ta wuce lafiya a Abuja, amma ta faɗi a Mumbai. Kuma in ka faɗi, ba bakin layi za a mayar da kai ba, tsakiya za a kai ka. Masu sayo maganin ƙwari daga kamfaninsu na Indiya su riƙe wannan. Indiya tana kuma neman rahoton akanta mai lasisi kowace shekara a kan duk cinikin 'yan gida ɗaya da ya ƙetare iyaka, fom ɗin da aka daɗe ana sani da 3CEB.

Sin tana da nata ra'ayin da ta daɗe tana karewa. Tana cewa arhar ma'aikata da girman kasuwarta su ma dukiya ce, don haka wani kaso na ribar da suka haifar nata ne. Ba ta kuma yarda kamfani mai aiki ɗaya tak, irin mai ƙera wa uwar kamfani kaya kawai, ya riƙa nuna asara ba tare da bayani ba. To ka ga in ɗanka a Guwanzu yake, Najeriya tana jan farashi ƙasa, Sin tana jan shi sama. Farashin da zai cece ka shi ne wanda za ka iya karewa a gaban su biyun da magana iri ɗaya. Kar ka gaya wa wannan cewa kamfanin waje ɗan aike ne kawai, ka gaya wa waccan cewa shi ne ƙashin bayan ciniki. Hukumomin haraji yanzu suna musayar bayanai.

Akwai ƙasar da na daɗe ina sha'awar tsarinta na da, Burazil. Daga dokarta ta 1996 ba ta wahalar da kowa da neman abin kwatance. Doka ce ta yanke ribar, misali kashi 20 ko 30 ko 40 ga mai shigo da kaya ya sayar, gwargwadon sana'a. A ganina irin wannan ya dace da wuri kamar namu, inda kamfanonin da ke buga lissafinsu a fili ba su da yawa, har masu bincike kan koma ɗauko na wasu ƙasashe su yi musu kwaskwarima. Amma tsarin ya yi ta jawo haraji biyu, don sauran ƙasashe ba su yarda da awonta ba, ga shi kuma tana neman shiga OECD. A 2023 ta yi doka mai lamba 14,596, daga Janairun 2024 ta koma bin hanyar kowa.

Masu riɗi, wannan naku ne

Ajantina ce ta yi suna da wata hanya tun 2003, saboda masu fitar da hatsi da waken suya ta hannun kamfanoninsu na waje. Ta ce a bar dogon zance, a duba farashin da kasuwar duniya ta buga ranar da aka yi lodi. Najeriya ta ɗauki wannan tunani a 2018. In ka sayar wa ɗan gidanka amfanin gona ko ma'adini ƙasa da farashin da aka buga a ranar ciniki, da farashin kasuwar za a yi maka lissafi, sai in ka kawo hujjar ragin. Hujja kuwa ita ce takardar gwajin inganci, yawan dusa da tsakuwa, danshi, kuɗin mota daga Gombe zuwa tashar Legas, da sharaɗin wa ke biyan jirgi. Ka tara su tun ranar lodi. Gaskiya ne ribar fitar da kaya tana da rangwame in an dawo da kuɗin ta banki bisa sharaɗi, amma hakan bai ɗauke maka cike fom ba, kuma farashin da ka rubuta a fom NXP, fom ɗin banki na fitar da kaya waje, shi ne za a riƙe ka da shi.

Ba don son wahalar da mutane aka yi waɗannan dokoki ba, kuma ni ina goyon bayansu. Kwamitin Thabo Mbeki, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, ya ba da rahoto a 2015 cewa Afirka tana asarar fiye da dala biliyan 50 kowace shekara ta haramtattun hanyoyin fitar da kuɗi, mafi yawa ta harkokin manyan kamfanoni. A 2020 kotun ƙolin Zambiya ta tabbatar wa hukumar harajin ƙasar kwaca miliyan 240 a kan kamfanin Mopani, saboda farashin da ya sayar wa uwar gidansa Glencore jan ƙarfe. Duk wanda ya kwana a asibitin gwamnati da mara lafiya ya san me kuɗin nan za su yi.

Bashi, suna da hidima

Abin da ya fi ba Alhaji mamaki bashi ne. Ya taɓa tura wa kamfanin Dubai kuɗi daga asusun kamfanin Gombe, rance ba ruwa, kamar yadda addini ya koya mana. Na ce masa niyyarsa mai kyau ce, amma dokar haraji tambayarta ɗaya ce, baƙo zai ba da wannan kuɗi kyauta? In amsar a'a ce, hukuma na iya ƙiyasta ribar da ya kamata kamfanin ya samu ta sa mata haraji, ko da ba a karɓi ko kwabo ba. Indiya ta yi ƙaurin suna wajen yin haka ga kamfanoninta masu ba rassansu na waje rance. Mafita ga wanda ba ya son kuɗin ruwa tana nan. Ko a shigar da kuɗin a matsayin jari, ko a tsara shi murabaha da riba sananniya a rubuce, ko mutum ya fitar da rabonsa na riba bayan haraji ya ba ɗansa daga aljihunsa. In kuma kamfanin waje ne ya ba na gida bashi, dokar kuɗi ta 2019 ta taƙaita abin da za a cire a kashi 30 na ribar da aka samu kafin cire kuɗin ruwa da haraji da ragin darajar kadarori. Abin da ya saura ana iya tura shi gaba har shekara biyar.

Kuɗin amfani da suna ko fasaha kuwa, Najeriya ta yi abin da littafin OECD bai yi ba. Ta yanke cewa abin da za a cire ba zai wuce kashi 5 na irin waccan riba ba, ko da farashin ya yi daidai da na kasuwa. Ƙasar da ke karɓar kuɗin za ta sa haraji a kan dukkansa, ita kuma Najeriya ta ƙi cire wanda ya haura. A san da wannan tun kafin a sa hannu a yarjejeniya. Kuɗin hidima, irin na gudanarwa da shawara, a taƙaice: in ba ka da abin da zai nuna an yi aikin kuma ya amfane ka, kar ka biya. OECD ta ba da sauƙin ɗora kashi 5 a kan ƙananan hidimomi, Amurka ma tana barin wasu a caje su a kan kuɗin da aka kashe kawai, amma kar ka ɗauka kowace ƙasa ta amince da hakan.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Tun 2015 ƙasashe suka daidaita a kan takardu hawa uku: babban fayil mai bayanin rukunin kamfanonin gaba ɗaya, fayil na gida mai bayanin cinikin kamfani ɗaya, da rahoton ƙasa-ƙasa mai nuna inda aka samu riba da inda aka biya haraji. Na ukun na manya ne, masu cinikin yuro miliyan 750 a shekara, wanda Amurka ta sa dala miliyan 850, Najeriya kuma naira biliyan 160 a ƙa'idojin 2018. Irin su masana'antar siminti ta Ashaka da ke Funakaye ke nan, wadda uwar gidanta ta tashi daga Blue Circle na Ingila zuwa Lafarge na Faransa, zuwa Holcim na Suwizalan, har a 2025 ta koma hannun Huaxin na Sin. Masana'anta tana nan inda take, amma duk sauyin nan yana sauya ƙasar da ake kallon lissafin rukunin daga cikinta.

Mu abin da ya shafe mu ya fi wannan kusa. Fom biyu ne a Najeriya. Ɗaya na bayyana su wa da wa kuke gida ɗaya, ɗaya na bayyana cinikin da ya shiga tsakaninku a shekarar, kuma wata shida bayan rufe lissafi ake miƙa shi tare da takardun harajin kamfani. Rashin miƙa na farko tarar naira miliyan 10 ce, da dubu 10 kowace rana. Na biyu miliyan 10 ko kashi 1 na cinikin da aka ɓoye, duk wanda ya fi yawa, shi ma da dubu 10 kullum. Wannan tara ba ruwanta da ko farashinka daidai ne. Fayil ɗin hujja kuwa dole ya kasance a shirye kafin ranar miƙa takardu, in an nema kwana 21 gare ka. Wanda cinikinsa da 'yan gida bai kai naira miliyan 300 ba yana iya jinkirta haɗa shi, a ba shi kwana 90 in an nema. Da canjin dala na yau, kwantena kaɗan sun isa su haura da kai wannan layi.

Amurka kwana 30 take bayarwa, kuma ladan mai fayil a can shi ne tsira daga tarar kashi 20 ko 40 na harajin da ya rage. Sin tana son fayil na gida ya kammala kafin 30 ga Yuni, da harshen Sinanci, kuma tana iya waiwayar shekara goma baya, alhali Najeriya shida take waiwaya in ba zamba aka gano ba. Daular Larabawa ba ta neman manyan fayilolin sai ciniki ya kai dirhami miliyan 200 ko kamfani yana cikin babban rukuni, amma ƙa'idar ba sani ba sabo tana kan kowa. Ni abin da nake yi shi ne in haɗa labari ɗaya bisa mudun ƙasar da ta fi tsanani, sannan in yanka wa kowace ƙasa nata. In ajiye komai shekara goma.

A lura kuma, a ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, suka fara aiki a Janairun 2026, hukumar haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS. Kafin ka cike fom, ka sa akantanka ya buɗe dokar da ke aiki a shekarar da ake lissafinta.

In duk da haka aka yi maka ƙari, kana da kwana 30 ka rubuta ƙin amincewa, kar ka bari su wuce. Kotun ɗaukaka ƙarar haraji ta shiyyar Arewa maso Gabas a Bauchi take zama, ba sai ka je Legas ba. Maganin haraji biyu kuwa yana ga yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen, wadda ke ba hukumomin biyu damar zama su sasanta wa zai sassauta. Najeriya tana da ita da Ingila da Faransa da Sin da Afirka ta Kudu da Kanada da wasu. Ba ta da ita da Amurka, ba ta da ita da Indiya. Inda babu, abin da ka biya sau biyu da wuya ya dawo, don haka a nan ne ya kamata farashinka ya fi zama a tsakiyar mudu.

Alhaji bai rufe kamfanin Dubai ba, ban kuma ba shi shawarar ya rufe ba, don yaron yana aiki na gaske. Mun rubuta yarjejeniya mai shafi huɗu da ta kira shi wakilin saye, da la'adar da muka ɗauko daga tsohon inbois na dillalin da ba ɗan gida ba. Rancen nan aka mayar da shi jari. Muka miƙa fom ɗin da suka makara da kanmu tun ba a tambaya ba, ya biya abin da ya hau kansa. Yanzu duk kwantenar da ta taso, yaron yana turo abu uku a rana ɗaya: inbois na masana'anta, nasa inbois ɗin, da takardar jirgi. Ina buga su in sa a fayil mai lambar kwantenar, a kabad ɗin da ke bayan kujerata.